Lasifikar situdiyo ko ta falo, wacce zan saya?

Tambaya: Malam, ina tara kuɗi domin sayen kayan sauti masu inganci da zan riƙa saurare a falona, sai wani abokina ya ce in nemi irin lasifikar da ake aiki da ita a situdiyo, wai ta fi kowace ta gida. Shin haka ne?

Amsa: Malam, maganar abokinka tana buƙatar gyara, domin ba don manufa ɗaya ake ƙera su ba. Aikin lasifikar situdiyo shi ne tona asirin waƙa, ta yadda idan murya ta yi kaifi ko ganga ta danne garaya, injiniya zai ji nan take ya gyara. Ta gida kuwa ana so ne mutum ya daɗe yana saurare kunnensa bai gaji ba, shi ya sa wasu kamfanoni ke ɗan ƙara mata kauri da laushi.

Amma iyakar ba ta da tsauri. A 1978 kamfanin Yamaha na Japan ya fito da lasifikar NS-10 domin gidaje, ba ta samu karɓuwa ba, sai injiniyoyi suka rungume ta saboda ba ta rufa wa kuskure asiri, har wasu kan rufe ƙaramin bakinta mai fitar da siririn sauti da takardar tishu don rage kaifinta. Ita kuwa LS3/5A, wadda BBC ta tsara a shekarun 1970 domin motocinta na watsa shirye-shirye, masu sha'awar sauti ne ke rububinta a yau.

Yawancin ƙananan lasifikokin situdiyo suna ɗauke da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a cikinsu, kuma an yi su ne don a zauna kusa, kamar mita ɗaya zuwa biyu, saboda haka babban falo yana iya fin ƙarfinsu. Irin wayar da ake jona musu, wadda ake kira XLR, tana kashe ƙugin da doguwar waya ke kwasowa, abin da ba ka cika buƙata a gida ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗakin, wanda mutane ke mantawa da shi. Falo mai tayil da bangon siminti tsirara yana mayar da amo, ya dagula sautin lasifika komai tsadarta. Ka ware wani kaso na kuɗin don kafet da labule mai kauri, ka janye lasifikar daga kusurwa, kuma ranar saye ka tafi da waƙar da kunnenka ya saba da ita ka gwada duka biyun.