Wa'adin hayar shago ya kusa cika: amsa ga wani ɗan kasuwa a Damagaram

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a unguwar Zango, nan cikin Damagaram, ya aiko mini da tambaya a farkon watan Satumba. Ya ce shekara uku ke nan yana haya a wani shago na bakin titi, bisa takardar yarjejeniya da shi da mai gidan suka sa wa hannu, kuma wa'adin zai cika ranar 31 ga Disamba. Yana biyan jika 40 a wata, wato sefa dubu 40, bai taɓa riƙe kuɗin haya ba, kuma da kuɗin aljihunsa ya sa ƙofar ƙarfe, ya yi daɓen siminti, ya kafa katakan jera kaya. A makon da ya wuce sai babban ɗan mai gidan ya tsaya a bakin shagon ya ce masa daga Janairu haya ta koma jika 75, in ba zai iya ba ya kwashe kayansa, domin akwai mai so. Yana son ya san ko cikar wa'adi ta ba su ikon fitar da shi, ko dole ne ya karɓi sabon farashin, da kuma makomar kuɗin da ya kashe a gyara.

Alhaji, bayan gaisuwa da fatan Allah ya yi wa kasuwa albarka, zan fara da abin da ya fi gaggawa, domin a cikin maganarka akwai wata rana da ba ka ambata ba, ita ce kuwa ta fi 31 ga Disamba muhimmanci. Ranar ita ce 30 ga Satumba. Idan ta wuce ba ka nemi sabunta hayar a rubuce ba, ka yi asarar haƙƙin da doka ta ba ka, ko da kuwa ka shekara goma a shagon ba a taɓa jin kanka da mai gida ba.

Hayar shago a Nijar tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 domin daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka, kuma yau ƙasashe 17 ke cikinta. Dokar da ta shafe ka ita ce wadda aka yi wa kwaskwarima a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, kuma batun hayar wurin sana'a yana daga aya ta 101 zuwa ta 134. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, saboda haka duk abin da abokan cinikinka na Kano suka gaya maka game da yadda ake tashin ɗan haya a can, ka saurara don zumunci, amma kada ka gina komai a kansa. Haka kuma rumfunan cikin Kasuwar Dole da ma'aikatar magajin gari ke rabawa suna da nasu tsari, ba su nake nufi ba. Maganata a kan shagon da ke hannun mutum mai zaman kansa ce, irin naka.

Aya ta 123 ta ce ɗan hayar da ya yi aƙalla shekara biyu yana gudanar da sana'ar da aka rubuta a yarjejeniya, yana kuma kiyaye sharuɗɗanta, ya mallaki haƙƙin a sabunta masa haya. Wannan haƙƙi ba ya faɗuwa ko da an rubuta a takarda cewa ɗan haya zai fita ranar kaza ba tare da wata magana ba, domin dokar ta ce babu wani sharaɗi da zai iya soke shi. Hikimar abin a fili take ga duk wanda ya taɓa zaman shago. Mai gida ginin ya mallaka, amma matan da suka saba aiko yara sayen shinkafa da man girki a wannan ƙofa, da masu teburi da ke ɗaukar katan ɗin taliya bashi su biya ranar Alhamis, kai ka tara su da haƙuri da sakin fuska. Idan aka tashe ka aka sa wani mai irin sana'arka, ya gaji cinikin da bai yi wa wahala ba.

Sai dai dokar da ta ba ka da hannun dama ta ɗora maka sharaɗi da na hagu. A hayar da ke da ƙayyadadden wa'adi, aya ta 124 ta wajabta wa ɗan haya ya nemi sabuntawa aƙalla wata uku kafin ranar cikar wa'adi, ko dai ta hannun ma'aikacin shari'a mai kai sammaci, wanda muka fi sani da wisiye, ko ta kowace hanya da za ta tabbatar cewa saƙon ya isa hannun mai gida. Wanda bai yi haka a kan lokaci ba, haƙƙinsa ya faɗi. A nan ne mafi yawan 'yan kasuwarmu ke zamewa, ba don rashin gaskiya ba, sai don kunya da kuma sabo da maganar baki. Na san wani tela da ya same ni shekarun baya da irin wannan matsala. Ya je gaida mai gidansa bayan sallar la'asar, ya kawo maganar sabunta haya, dattijon ya ce masa ai ba komai, mun zama ɗaya. Ya koma ya ci gaba da ɗinkinsa da kwanciyar hankali. Dattijon ya kwanta rashin lafiya, al'amuran gidan suka koma hannun 'ya'yansa, wa'adi ya cika, kuma da aka tambayi telan shaidar cewa ya nemi sabuntawa, ba shi da komai sai kalmar ba komai. Ya kwashe kekunansa uku a amalanke ya koma wani lungu, inda ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin masu kawo ɗinkin salla su gano inda yake.

Saboda haka ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin makon nan ka sa a rubuta maka wasiƙa gajera da Faransanci, wadda za ta ambaci sunanka, da inda shagon yake, da ranar da aka ƙulla yarjejeniya, da ranar da za ta ƙare, sannan ta faɗa a fili cewa kana neman a sabunta hayar. Kada ka sa maganar farashi a ciki, kuma kada ka sa ƙorafi. A yi kwafi biyu, mai gida ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya ka riƙe. Ka lura da cewa wanda ya sa hannu a yarjejeniyar shi za a kai wa, wato uban, ba ɗan da ya tsaya a bakin shago ba, sai fa idan ɗan yana da takardar wakilci. Idan ka ga alamar za a yi maka jan ƙafa wajen sa hannu, kada ka tsaya jira, ka biya wisiye ya kai, domin kuɗin aikinsa ba a bakin komai yake ba idan aka gwada da asarar shago. Saƙon murya na WhatsApp ban ba ka shawarar ka dogara da shi kaɗai ba, tun da mutum yana iya cewa wayar na hannun yara, kai kuma ka shiga wahalar tabbatar da cewa ya ji.

Na san abin da zai tsaya maka a rai shi ne kada dattijon ya ga kamar ka kai shi ƙara. Wannan damuwa ce ta mutumin kirki, kuma tana da magani. Kafin takarda ta isa, ka je da kanka, tare da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ko limamin masallacinku ko mai unguwa, ka gaya masa cewa takardar da za ta zo ba sammaci ba ce, ƙa'ida ce da hukuma ta shimfiɗa wa masu shaguna, kuma kai ma ba ka da yadda za ka yi. A sanina yawancin masu gidaje suna karɓar wannan bayani, kuma ba abin mamaki ba ne ka tarar uban bai ma san abin da ɗansa ya faɗa maka ba.

Da zarar takardar ta isa, nauyi ya koma kan mai gida. Dole ne ya ba ka amsa aƙalla wata ɗaya kafin cikar wa'adi, wato kafin ƙarshen Nuwamba, kuma idan ya yi shiru doka ta ɗauka ya amince da sabuntawar. Sabuwar hayar ba za ta gaza shekara uku ba, kuma za ta fara daga ranar da tsohuwar ta ƙare.

Yana da ikon ya ƙi, domin doka ba ta ƙwace wa kowa gininsa ba, amma ƙin yana da farashi. Bisa aya ta 126 sai ya biya ka diyyar tashi, kuma idan ba ku daidaita a kan adadinta ba alƙali ne zai yanke, yana duba yawan cinikinka, da jarin da ka zuba a wurin, da matsayin shagon a gari, da kuɗin da ƙaura za ta ci maka. A nan zan faɗa maka wata magana da ba kowa ke son ji ba. Alƙali ba ya auna ciniki da rantsuwa ko da cikar shago da kaya, da takardu yake aunawa. Ɗan kasuwar da ba ya rubuta cinikin yini, ko wanda ya saba gaya wa ma'aikatan haraji cewa kasuwa ta mutu, zai sha wuya ranar da yake son kotu ta yarda cewa shagonsa na kawo miliyoyi. Tun yanzu ka tattara littafin cinikinka, da rasidan sarin kaya, da takardun biyan haraji, da duk rasidan haya na shekara ukun nan, ka ajiye su a gida, ba a cikin shagon ba.

Akwai halin da mai gida zai ƙi sabuntawa ba tare da ya biya ko dala ba, kuma ya kamata ka binciki kanka a kai. Na farko shi ne idan ka karya wani babban sharaɗi na yarjejeniyar, ko ka daina sana'ar a wurin, da sharaɗin ya gargaɗe ka a rubuce kuma ka ci gaba fiye da wata biyu bayan gargaɗin. Ka ce ba ka riƙe haya, wannan ya yi kyau, amma akwai ƙananan abubuwa da 'yan kasuwa ba sa ɗauka da muhimmanci. Idan akwai yaro mai cajin waya ko mai shayi da ka ba wani sashe na shagon yana biyanka a wata, ka sani doka ta hana ɗan haya ya ba da haya a cikin haya sai in yarjejeniya ta yarda. Haka nan idan takarda ta ce kayan masarufi, kai kuma ka koma sayar da siminti ba da izinin mai gida ba, ka ba shi abin kamawa. Na biyu shi ne idan zai rushe ginin ya sake ginawa. A nan dole ya nuna irin aikin da zai yi, kana da ikon zama har ranar da za a fara rushewa, kuma kai ne kan gaba wajen samun haya a sabon ginin. Idan bai ba ka ba, diyyar ta dawo kansa.

Game da jika 75, sabuntawa ba ta nufin farashi zai tsaya inda yake. Doka ta yarda a sake duba kuɗin haya lokacin sabuntawa, sai dai ba mutum ɗaya ke yankewa ya sanar ba. Idan ba ku cimma matsaya a rubuce ba, kowanenku na iya kai maganar gaban kotu, ita kuma bisa aya ta 117 za ta duba inda shagon yake, da faɗinsa, da tsufan ginin, da abin da ake biya a shaguna irinsa a unguwar. Don haka ka zaga ka tambayi maƙwabtanka huɗu ko biyar abin da suke biya. Idan ka tarar masu shago mai faɗin naka suna biyan jika 50 ko 55, to ka san jika 40 ta tsufa, kuma ni a wurinka zan miƙa tayin da ya yi kusa da na maƙwabta tun kafin a nema. Ƙarin jika 15 a wata jika 180 ne a shekara, ka auna shi da kuɗin lauya, da kwanakin da za ka rufe shago kana zaman kotu, da zaman doya da manja da mutumin da kake kwana da dukiyarka a gininsa. Jika 75 kuwa ƙarin jika 420 ne a shekara, kusan ninki, kuma ban ga dalilin da zai sa ka amsa shi don kawai an faɗa da ƙarfi ba.

Ƙofar ƙarfe da daɓen da ka yi, idan al'amari ya kai ga diyyar tashi, suna cikin jarin da alƙali zai lissafa. Ko da haƙƙin sabuntawa ya kuɓuce maka, aya ta 131 ta ba ka damar neman a mayar maka da kuɗin gini da gyaran da ka yi, amma da sharaɗin da izinin mai gida ka yi su. Ba ka gaya mini ko izinin a rubuce yake ba. Idan na baki ne, ka nemo maginin da maƙerin da suka yi aikin, da rasidan siminti da ƙarfe in suna nan, kuma a sabuwar yarjejeniya ka sa a rubuta cewa kai ka yi waɗannan gyare-gyare da yardar mai gida.

Idan har Disamba ta ƙare ba a daidaita ba, kada ka daina biyan haya don fushi, kuma kada ka biya ba tare da rasidi ba. Wanda ya ci gaba da zama bayan wa'adi ba da yardar mai gida ba kuma ba shi da haƙƙin diyya, doka ta ɗora masa biyan kuɗin zama daidai da hayar da yake biya, kuma ana iya ƙara masa da biyan ɓarna. A ɗaya gefen, mai gida ko ɗansa ba su da ikon sa wa shagon kwaɗo, ko cire ƙofa, ko fitar da buhunanka waje. Fitar da ɗan haya sai da hukuncin kotu. Idan aka yi maka haka, kada ka fasa kwaɗon kuma kada ka ɗaga murya, ka kira wisiye ya zo ya rubuta abin da ya gani, sannan ka tafi da rahotonsa da takardar yarjejeniyarka wurin lauya ko babbar kotun Damagaram.