Ƙaramin kwale-kwale ko babba? Amsa ga mai son kamun kifi a Tiga

Tambaya: Salam Malam. Na yi ritaya bana, ina so in sayi jirgi don in riƙa jefa fatsa a dam ɗin Tiga ranar Asabar, ni da ɗana, wani lokaci da abokai biyu. Ban iya ruwa ba kuma uwargida hankalinta a tashe yake. Wani ya ce in sayi babba kawai, wai babba ba ya kifewa, ko rigar ruwa mai hana nutsewa ba sai na saya ba. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a hutun. Ku biyu zuwa huɗu, jirgi mai tsawon mita 5 zuwa 6 mai faɗin ciki da inji mai ƙarfin doki 15 ya ishe ku. Zai shiga lungu da bakin ciyawa inda karfasa take, mutum biyu za su iya jawo shi gaɓa, in inji ya mutu filafili zai kawo ku gida. Babba kuwa sai inji 40, mai zai ci fiye da ninki biyu, ga kuɗin mai gadi ga faci, ranar da ya ƙi tashi a tsakiyar ruwa kuma sai dai ku zauna jiran mai ja. Amfaninsa ɗaya ne na gaske, ya fi jure igiyar ruwa a buɗaɗɗen wuri irin Kainji.

To amma maganar nan ta babba ba ya kifewa, wallahi na gaji da jin ta, kullum sai wani ya zo min da ita. Wa ya gaya muku? Jirgin da ya nutse kusa da Wara a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ƙarami ne? Mutum sama da 100 ne a ciki. A ƙarshen Nuwamban shekarar kuma aka yi na Ɓagwai a dam ɗin Watari, nan kusa da ku, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawanci yara 'yan Islamiyya, Allah ya jiƙansu. Girman jirgi shi ke sa mutum ya saki jiki, a ƙara mutum ɗaya, a ƙara kula ta ƙanƙara, a ƙara jarkar mai, har bakin jirgi ya rage bai fi tafin hannu tsakaninsa da ruwa ba, daga nan igiya ɗaya ta isa. Kuma ruwan da ya shiga ciki ba zama yake wuri ɗaya ba, jirgi na karkata duk sai ya kwarara gefen da ya yi ƙasa ya ƙara danna shi, shi ya sa muke ta faɗa a kwarfe ruwa tun yana idon sawu. Na ga yadda giwan ruwa ya kama fatsar mutum ɗaya, sauran ukun duk suka tashi tsaye suka yo gefensa kallo, kafin ka ce kwabo suna cikin ruwa, Allah dai ya sa kusa da gaɓa ne. Ga kututturan bishiyoyin da dam ya shanye, suna nan ƙasa ba ka ganinsu, kututture ba ruwansa da girman jirginka.

Sai kuma masu sayar da layar ruwa, wai in ka ɗaura ruwa ba zai ci ka ba. Haba jama'a! Kuɗin layar ka ƙara ka sayi rigar ruwa, kowa tasa, daidai jikinsa, a ɗaure ta tun a gaɓa, ba a mayar da ita matashin zama ba. Wanda ya iya ruwan ma in katako ya buge shi a ka iyawar ta ƙare, balle kai Alhaji da ka faɗa da bakinka ba ka iya ba.

Kafin ka biya kuɗi ka sa a saka jirgin a ruwa, ku huɗun ku shiga da kayanku, ka duba bakin da ya rage da inda yake yoyo. Watannin farko ka ɗauki masunci ɗan wurin ya riƙa tuƙa ku, ka gaisa da Sarkin Ruwa. Da damina in ka ga gabas ta yi baƙi da la'asar, naɗe fatsarka ko da kifi na ci. Ita kuma Hajiya ka kai mata rigunan ta gani da idonta.