Amsa: ta ina za a fara da kwalayen da ɗan wasan ya bari?

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce an damƙa wa ƙungiyarku kwalaye tara na wani tsohon ɗan wasa da ya rasu, wanda ya daɗe yana hawa dandamali cikin shigar mata, wato wasan da a Amurka da Turai ake kira dirag. A ciki akwai riguna, gashin kanti, kasakasai, fostoci, da wasiƙu da hotunan abokansa, wasunsu waɗanda suka sauya jinsi. Kina tambaya ko ki sayi na'urar sikanin ki ɗora komai a intanet kafin ya lalace.

Ki dakata tukuna. Sikanin shi ne aiki na huɗu ko na biyar. Takarda da hoto za su jira ki shekara ashirin in kin ajiye su wuri mai kyau. Abu biyu ne ba za su jira ba: kaset, da mutanen da suka san waɗanda ke cikin hotunan.

Kafin ki taɓa komai, ɗauki hoton kowane kwali a buɗe yadda ya zo, ki ba shi lamba, ki rubuta abin da ke ciki a taƙaice. Kada ki ware hotuna gefe, wasiƙu gefe. Yadda mai kayan ya jera su shaida ce. Hoto marar rubutu da aka samu cikin ambulan ɗaya da tikitin wasa mai kwanan wata ya riga ya faɗa miki shekararsa da wurinsa. Da zarar kin raba su, kin goge wannan bayani da hannunki, kuma ba ya dawowa. Kwalin da ke warin funfuna ko kika ga kashin kyankyaso a ciki, ki keɓe shi nesa da sauran nan take.

Daga nan sai neman tsofaffin abokan aikinsa. Wannan ne aikin da aka fi sakaci da shi, kuma a wannan fanni ya fi ko'ina muhimmanci, domin mutanen nan da gangan suke barin bayan hoto babu suna, saboda tsoron 'yan sanda ko kora daga aiki. Misali sananne shi ne hotunan Casa Susanna, wani gidan hutu a tsaunukan Catskill na jihar Niyok, inda maza masu shigar mata da masu sauya jinsi ke taruwa a shekarun 1950 da 1960. A kasuwar gwanjo aka tsinci hotunan a 2004. Gidan adana zane-zane na Ontario da ke Toronto ya mallaki guda 340 a 2015. Hotunan sun tsira, amma sai da masu bincike suka yi ta gwada su da abin da ke cikin mujallar Transvestia, wadda Virginia Prince ta fara bugawa a 1960, kafin a gane wasu fuskokin. Ke kuwa kina da masu rai. Ki zauna da mutum ɗaya ko biyu a lokaci guda, ki kunna rikoda, ki riƙa miƙa musu hoto kina faɗin lambarsa da baki don ta shiga cikin sautin. Tambayoyin ba su da yawa: wane ne, wane kulob ne, wace shekara, wa ya ɗinka rigar, wa ya ɗauki hoton. Awa ɗaya da rabi ta isa zama guda, bayan haka dattijo ya gaji ya fara haɗa shekaru. Ki adana sautin a tsarin WAV, kada ki dogara da MP3, kuma ki karɓi izininsu a rubuce tun kafin a fara.

Kasakasai su ne na gaba. Kaset ɗin VHS ko na murya leda ce mai ɗauke da garin maganaɗisu da aka manne da wani irin gam. Gam ɗin yana shan danshin iska ya ruɓe, sai ledar ta yi danƙo, ta riƙa ƙara a cikin na'ura tana barin baƙin gari a kan ƙarfen da ke karanta ta. An fi ganin wannan a U-matic, wani tsohon babban kaset na bidiyo, da zaren murya na faifai. In kaset ya kai haka, kunnawa ɗaya na iya kankare hoton gaba ɗaya. Ƙwararru suna gasa irinsa a zafin kusan digiri 50 na Salshiyas na tsawon awoyi don ya karɓi kunnawa na ɗan lokaci, amma da tanda ta musamman ake yi, kada wani ya gwada da ta girki. Ga kuma matsalar na'ura: kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. Saboda haka in kuɗin ƙungiya kaɗan ne, a zuba shi a juyar da kasakasai, sikanin takardu ya jira. Ƙananan kasakasan bidiyo na MiniDV ana kwashe su zuwa kwamfuta kai tsaye ta wayar FireWire ba tare da hoton ya ragu ba. Kafin a kai ga juyawa, a ajiye kaset a tsaye kamar littafi, nesa da lasifika, a ɓalle ɗan haƙorin kaset ɗin don kada a naɗa wani abu a kai. In akwai fim na zare mai warin tsami kamar binega, ya fara ruɓewa, a raba shi da sauran domin tururin yana kama na kusa.

Takardu da hotuna ba su da wuyar sha'ani. Ɗaki mai sanyi daidai, digiri 18 zuwa 20, danshi tsakanin kashi 30 da 50 cikin ɗari, kuma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne kada ya riƙa hawa da sauka. Ban da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ban da saman silin, kwalaye kuma a kan kanta, ba a ƙasa ba. A cire kilif da sitefula masu tsatsa da robar ɗaure takarda. Ban da salatif, ban da laminatin: zafi da gam suna shiga cikin takardar, kuma ba a iya warwarewa. Rubutu a bayan hoto da fensir mai laushi, 2B, a gefe, ba da biro ba. Albam mai shafi mai danƙo da leda a sama yana rina hoto, amma kafin ki cire komai ki ɗauki hoton kowane shafi yadda yake. In hoto ya ƙi ɗagowa, ki bar shi. Ledar saka hoto ta zama foliyesta ko folifirofilin, ban da PVC mai warin sabuwar roba, kuma ki duba ko an rubuta ta ci gwajin PAT, mai nuna ba ta cutar da hoto. Yankakkun jaridu suna da asid da ke cin maƙwabtansu, a kwafe su a kan takarda marar asid, a ware na asalin. Takardar faks da rasit su ma a kwafe su da wuri, rubutunsu ɓacewa yake yi.

Kada ki raina tarkace. Takardar talla, jadawalin wasa, katin gayyata, jerin waƙoƙin da aka rubuta a bayan ambulan, a wannan tarihi sau da yawa su kaɗai ne shaida. Boren da masu sauya jinsi da 'yan dirag suka yi wa 'yan sanda a gidan abinci na Compton a San Faransisko a watan Agustan 1966, har yau ba a san takamaiman ranarsa ba, domin jaridu ba su buga ba, bayanan 'yan sanda na lokacin kuma sun ɓace. Masaniyar tarihi Susan Stryker ta ci karo da labarin ne a cikin ɗan littafin shirin wani maci na 1972 da ke ajiye a cibiyar adana tarihi ta GLBT Historical Society a San Faransisko. Da wani ya ga littafin ya ce shara ce, da shi ke nan.

Riguna ne suka fi cin wuri da kuɗi, don haka a zaɓa. Rigar da akwai hotonsa ko bidiyonsa sanye da ita ta fi goma da ba a san labarinsu ba. Kada a wanke. Ƙyalƙyalin tsofaffin riguna na farkon ƙarni na 20 wasu da jelatin aka yi su, ruwa na taɓa su sai su narke, kuma guntun hoda da gyaran allura da ke jikin riga su ma bayani ne. Mai nauyin duwatsun ado ba a rataye ta a hanga, nauyin yana yaga kafaɗa. A kwantar da ita a kwali mai faɗi, a cusa takarda mai laushi marar asid a duk inda ta naɗe don kada ta karye a kan layin. Siliki da ulu da gashin tsuntsu suna son takardar da ba a ƙara mata alli ba. Gashin kanti a ɗora shi a kan abin da aka yi wa ƙunshi da auduga, a rufe. Soson cikon ƙugu da ƙirji, da duk abin da aka yi da roba, zai farfashe ko ya yi danƙo komai dabararki, sai a ɗauki hotonsa da awonsa tun yanzu, a ajiye shi shi kaɗai. In an ga asu, a rufe kayan cikin leda a matse iska, a sa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda, a bar shi ya huce kwana ɗaya kafin a buɗe. Abin da aka haɗa da gam ko fenti, a tambayi ƙwararre kafin a daskarar.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato suna da rufin asiri. Mutum ɗaya na iya zama da suna uku: na dandamali, na takardun hukuma, da wanda ya zaɓa bayan ya sauya jinsi. A kundinki na ciki ki rubuta duka, domin in ba haka ba mai bincike ba zai gane mutum ɗaya ne ba. Abin da jama'a za su gani kuwa, sunan da mutumin ya amince da shi kawai. Wasu da ke cikin hotunan nan suna raye, suna da iyali da aikin da ba su san wannan ɓangare na rayuwarsu ba, wasu kuma suna ƙasashen da doka ke hukunta abin. Hoton da aka ɗauka a kan dandamali gaban 'yan kallo daban, wanda aka ɗauka a ɗakin sauya kaya ko a gida daban. Wasiƙu da takardun asibiti a rufe su zuwa wani wa'adi da za a rubuta ƙarara, misali shekara 25 ko har bayan rasuwar mai su. Hoton waya yana ɗauke da wuri da lokacin da aka ɗauke shi a ɓoye cikin fayil, a goge wannan daga kwafin da za a fitar. Kuma mallakar hoto ba ita ce haƙƙin bugawa ba: yawanci haƙƙin na wanda ya ɗauka ne, na wasiƙa kuma na wanda ya rubuta. Ki sa magadan su sa hannu a takardar kyauta da ta fayyace me suka bayar da me suka yarda a yi da shi.

Wajen bayyana mutane ma a yi hattara. Ba duk ɗan dirag ne mai sauya jinsi ba, kuma wanda ya rayu a 1960 ba lallai ya kira kansa da kalmar yau ba. Ki rubuta kalmar da ya yi amfani da ita kamar yadda take, ko da yanzu ana ƙyamarta, sannan a wani gurbi daban ki sa kalmar zamani don masu nema su samu. Akwai ƙamus ɗin kalmomin kundi da aka yi don wannan, Homosaurus, wanda asalinsa daga Holan ne. Ki kuma nuna wa ya rubuta takarda. Yawancin abin da aka sani game da William Dorsey Swann, wanda aka haifa cikin bauta kuma yake shirya bukukuwan dirag a Washintan, daga rahoton kamen 1888 da shari'ar 1896 ya fito. Bakin masu kama shi ne, ba nasa ba.

In an zo sikanin: hoto a 600 dpi (yawan ɗigo a kowane inci), takardar rubutu 300 zuwa 400, nagatif na milimita 35 kusan 4000, duka a tsarin fayil na TIFF, gaba da baya. Sunan fayil ya bi lambar kwali da ta folda, kada a sa sunan mutum a ciki. Kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani gini dabam. Cibiyar binciken jinsi ta likita Magnus Hirschfeld da aka buɗe a Balin a 1919 ta tara abin da babu kamarsa a duniya kan wannan batu, a gini ɗaya. Ɗaliban Nazi suka wawashe ta ranar 6 ga Mayun 1933, aka ƙona littattafan ranar 10. Shafukan intanet ma ba ma'ajiya ba ne: GeoCities, inda mutane ke gina shafukansu kyauta, ya rufe a 2009 ya tafi da ɗimbin shafukan da mutanen nan suka gina da kansu. In marigayin yana da shafi a Facebook ko wani wuri, a sauke shi yanzu.

Ƙungiya ƙarama ba ta cika iya riƙe kaya irin waɗannan har shekara hamsin ba, don haka ki fara tunanin inda za su zauna. Jami'ar Victoria a Kanada tana da Transgender Archives, wanda Aaron Devor ya kafa. Akwai ONE Archives a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Digital Transgender Archive, wanda K.J. Rawson ya ƙaddamar a 2016, yana haɗa kwafin kayan cibiyoyi da yawa a wuri ɗaya, kayan asali kuma suna nan hannun masu su. Duk wadda kika tuntuɓa, ki tambaye ta abu uku a rubuce: yaushe za su gama kundin kayan, za su mutunta wa'adin rufewar da kuka sa, kuma suna karɓar riguna ko takardu kaɗai. Da yawa ba sa karɓar riguna, sai a nemi gidan tarihi mai sashen tufafi, a tabbatar lambar kowace riga ta yi daidai da ta hoton da aka sa ta a ciki.