Inna ta mai da mini 'ya'ya 'yan titi

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki ba ni shawara, raina ya gama ɓaci. Tun da Inna, mahaifiyar maigidana, ta dawo gidanmu da zama bayan Babbar Sallah ban ƙara gane kan yarana ba. Ranar Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, rana na yin sanyi sai ta zare sakata ta ce su fita. Su fita ina, Anti? Cikin ƙasa! Namijin ya je langa, matan su zauna carafke da 'ya'yan maƙwabta, su dawo fururu kamar an tono su. Ni ke wanki, ni ke wanka, ga ruwan ma saye muke yi. Makon jiya babban ya shigo da gwiwa a kurje, Inna ta dube shi ta ce ai haka ake girma. Ga 'yan kabu-kabu a layinmu kamar za su tashi sama. Da can ina ba su wayata su zauna a falo tsaf, ko tari ba ka ji. Yanzu ranar da suka fita, kafin isha'i sun yi barci, ko aikin makaranta ba su taɓa ba. Na gaya wa babansu, ya ce shi ba ya ja da mahaifiyarsa. To ni fa? Ba ni na haife su ba? Wallahi wankin nan kaɗai ya ishe ni.

Maman yara uku, Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba na shiga tsakanin suruka da uwar miji, kowa da gaskiyarsa. Maganar 'yan kabu-kabu kam kina da hujja.

Amma sau uku ina komawa kan layi ɗaya a wasiƙarki: kafin isha'i sun yi barci. Ke kin rubuta shi a cikin laifuffukan Inna. To lokacin da suke riƙe da wayarki, ƙarfe nawa suke barci? Ba ki faɗa ba, na kuma san dalili. Yaron da ya yi gudu ya yi zufa shi ke cin tuwo da daɗi ya kwanta da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. Naki sau biyu a mako suke samu, shi ma kina so ki hana.

Ku kuma iyayen zamani, da ku nake. Boko tun safe, Islamiyya da yamma, malamin gida bayan magariba, sannan ku ce yaro ba ya riƙe karatu. Yaushe ya huta? A fagen langa yake koyon faɗuwa ya tashi, a carafke yarinya ke koyon jiran layinta. Manzon Allah (SAW) jikansa ya hau bayansa yana sujada, ya tsawaita sujadar har yaron ya sauka don kansa.

Zafin Sakkwato yana wuce digiri 40 a watan Afrilu, don haka kada su fita sai bayan la'asar, da takalmi, su sha ruwa. Ki sa wa Inna kujera a bakin ƙofa ta riƙa dubansu, za ta ji daɗin an ba ta girmanta. Aikin makaranta a yi shi kafin a fita. Wanki kuwa, ki ware musu tsofaffin kaya biyu na wasa, babban ya riƙa wanke nasa da kansa.