Ga mai zakaran Asil ɗin da bai fara cara ba

Wa alaikumus salam, ƙanena na Gumel. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka sayi zakaran Asil, irin kajin nan dogaye masu faɗa, ɗan wata biyar da kuɗin da ya isa sayen akuya, har yau bai yi cara ba, ga ƙafa zalo-zalo, ga ƙirji ja babu gashi, kana zargin an cuce ka. Kana kuma tambaya ko ka ɗora shi kan abincin kajin gidan gona ya yi ƙiba, sannan ka sake shi cikin kajin gida ya ba ka iri.

Kwantar da hankalinka tukuna. Duk abin da ka lissafa siffar Asil ce. Shekarata tara ina kiwonsu a wani ƙauye kusa da Wudil, ban taɓa samun ɗan wata biyar da ya yi kyan gani ba. A wannan lokacin ƙashi yake ginawa, nama sai daga baya. Nawa sukan fara gwada murya a wata shida ko bakwai, carar ma gajera, a shaƙe, kamar mai mura. Cikar jiki kuwa sai ya doshi shekara biyu. Jan fatar ƙirjin nan ba ciwo ba ne, haka Allah ya yi shi, gashinsa kaɗan ne kuma a manne da jiki, shi ya sa zafin bazararmu bai cika damunsa ba. Abin da za ka duba shi ne kai: zanko ƙarami a dunƙule, baki gajere mai kauri, ido mai haske a ƙarƙashin gira mai tudu, tsayuwa a miƙe, wutsiya ta yi ƙasa. In ka ɗaga shi ka ji ya fi yadda idonka ya ƙiyasta nauyi, to da alama ba a cuce ka ba. In kuwa zankon dogo ne mai tsaga-tsaga irin na zakaran gida, akwai gauraye.

Asalin kajin nan Indiya da Pakistan ne, sunan ma Larabci ne, ɗan'uwan kalmarmu ta asali. Abin dariyar shi ne, kajin gidan gonan da kake son ya yi koyi da su jikokinsa ne ta wani ɓangaren. Turawan Ingila sun haɗa Asil da kajinsu suka fitar da irin da ake kira Konish, daga Konish ɗin kuma aka samo faɗin ƙirjin kajin naman da ake soyawa yau a Kano. Sai dai su an tsara su ne su kai wuƙa cikin mako shida zuwa takwas, naka kuwa tafiyar shekaru ce a gabansa. Ka ɗura masa abincinsu na ƙarshe, na sa ƙiba kafin yanka, kitse zai riga ƙashi, ƙafa ta gaza ɗaukar jiki, kuma zakara mai teɓa ba ya barbara yadda ya kamata.

Ga abin da nake ba nawa. Daga ƙyanƙyashe zuwa mako takwas, abincin 'yan tsaki na buhu, wannan ba na rowa a kansa. Daga nan sai gero da dawa da ɓarzajjiyar masara, da ɗan soyayyen waken suya ko ƙuliƙuli marar gishiri da yaji, da ganyen zogale ko yakuwa. Gara ita ce sirrin. Yara sukan kifa tsohuwar tukunya da karan dawa da busasshen kashin shanu a ciki, a yayyafa ruwa, a bar ta a bakin shuri, kwana biyu sai ka ga ta cika. Ƙuliƙulin da ya yi funfuna kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, hanta yake ci. Dusa zalla cika ciki ce kawai. A bar musu tsakuwa ƙanana da ruwa mai tsabta a inuwa.

Batun sakinsa cikin kaji shi ne inda na fi son ka saurare ni, don a nan na sha wuya. Da mutum, Asil ya fi kowane zakara sanyin hali. Wani nawa har kan cinyata yake hawa in ina cin tuwo. Amma bai yarda da wani namiji a gida ba, kuma bai san gudu ba. Zakarun gida sukan yi 'yar hatsaniya ɗaya ya bar wa ɗaya fili, shi kenan an zauna lafiya. Wannan sai dai a raba. Shekarata ta biyu na bar wasu 'yan uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, a akurki guda, wai ai tare suka tashi. Na tafi cin kasuwar Wudil ran Juma'a, na dawo da la'asar na tarar da ɗaya ido ya tsiyaye, ɗayan ma sai da ya yi mako uku ina jinyarsa. Ko wata huɗu ba su cika ba. Tun ranar, da na ga 'yan tsaki sun fara tayar wa juna wuya nake raba su. Kowane zakara da ɗakinsa, kuma tsakanin ɗaki da ɗaki zana ce ko langa-langa har tsayin ƙugu, don ta ragar waya ma faɗa suke yi su farfashe ƙafafu. Matan ma ba a bar su a baya ba.

Da ya girma za ka ga masu zuwa suna cewa a gwada shi da na wane, a sa kuɗi. Ni amsata ɗaya ce: akwai hadisin da aka ruwaito daga Ibn Abbas da ya hana haɗa dabbobi faɗa, ga kuma caca a kai. Ban yi wahalar shekara biyu don a mayar mini da tsuntsu makaho ba.

Iri kuma, zakara shi kaɗai ba iri ba ne. In ya hau kajin gida za ka samu 'ya'ya masu ƙashi da nauyi, kuma in nama kake so da kuɗin Sallah, wannan riba ce. Amma rabin jini ne, jikoki kuma kwata, kafin ka farga Asil ya narke. Ka nemi mace ta gaske, daga wani gida daban ba inda ka sayo shi ba, don gudun auren wa da ƙanwa. Kada ka sa ran ƙwai da yawa. Tawa takan yi takwas zuwa goma sha biyu ta kwanta, kwana 21 ta fito da su, kuma ban ga uwa irinta ba, na taɓa ganin ta bi shirwa da gudu har bakin danga. In kana son 'yan tsaki su yi yawa, ka riƙa kwashe ƙwan kana sa wa kazar gida mai kwanci. Ka samu ɗan littafi ka rubuta wa ya haifi wa. Ƙwaƙwalwa tana ha'inci.

Yanzu ga hunturu tafe, lokacin annobar nan ta Niyukasil mai murɗe wuya da koren zawo. Ƙarfin Asil bai hana ta kashe shi ba. Akwai rigakafin Lasota, akwai kuma I-2 da ake ɗigawa a ido, wanda ya fi jure zafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato tana yin su. Ni duk wata uku nake maimaitawa. Ka tafi da kula mai ƙanƙara in za ka sayo, in an haɗa a yi amfani da shi nan take, kuma tunda kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajinka, ka kira maƙwabta a yi wa nasu, kariyarka ce kai ma. Duk kazar da ta fito daga kasuwa, ko Maigatari ce ko ina, ta yi mako uku a ware kafin ta ga sauran. Wata budurwar kaza da na yi kwaɗayin arharta ta ci mini tsuntsu goma sha ɗaya a hunturu guda.

Sauran ƙanana ne. Toka da yashi a tsohuwar tasa don wankan ƙwarƙwata. Sandar kwana kada ta wuce tsayin gwiwa, nauyinsa kan sa tafin ƙafa ya kumbura in yana dirowa daga sama. Ƙaimi in ya yi tsawo a rage tsininsa kawai, akwai jini a ciki. Da daddare a toshe ɓangaren gabas da buhu saboda iska, a kuma rufe ƙofa da kyau, muzuru da ɓarawo duk sun san inda mai tsada yake kwana.

Ka ɗauko mini hotonsa da safe, ɗaya na kai ta gefe, ɗaya yana tsaye a ƙasa ba a hannu ba. Ka kuma tambayi wanda ya sayar maka ko uwar tana nan a gidansa, in ya ce tana nan ka je ka gan ta da idonka.