Yadi arba'in: amsar tambayar Yaya kan gudun yaron nan

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da fatan jikin Hajiya ya yi sauƙi.

Sau uku na saurari saƙon muryar da ka aiko kafin na zauna rubuta wannan. Gaskiya ne abin da maman yara ta faɗa wa Hajiya. Ɗanka ya dawo daga wurin gwajin gudu na wasan ƙwallon Amurka a watan Yuni, ya shige ɗaki ya ja ƙofa, ko tuwon da aka ajiye masa bai taɓa ba. Ka ce tunda kake ba ka taɓa jin inda saurayi ɗan shekara 17 ya ƙi abinci saboda guntun daƙiƙa ba, kuma ka tambaye ni wace irin rayuwa muke yi a nan, da har muke zuba ido 'ya'yanmu suna karo kamar raguna maimakon su riƙe littafi. Tambayarka tana kan hanya. Kai uba ne gare shi, dole ka ji bayani daga bakina.

Wasan ba irin namu na gida ba ne, ko da yake su ma ƙwallon ƙafa suke ce masa. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, filin kuma yadi 100 ne, irin yadin da kake auna shadda a Kantin Kwari. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi goma, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Akwai mai jefa ƙwallo, kwatabak, akwai kuma waɗanda ke tsayawa can gefe su ruga gaba don a jefo musu su cafe. Su ne risiba, kuma aikin ɗanka ke nan. A gabansa kullum akwai mai tsaro wanda ba shi da wani aiki sai ya manne masa kamar kaska.

Don ka san girman abin a garin nan namu na Kolombos a Amurka, filin Jami'ar Jihar Ohayo yana cin mutum sama da 100,000, kuma yana cika. Ranar Asabar ta kaka, daga mai shara har likita ja suke sawa, launin ƙungiyar jami'ar. Daren Juma'a na makarantun sakandare ne, Asabar ta jami'o'i, Lahadi ta ƙwararru. Yaron da aka haifa a nan a cikin wannan ya buɗe ido, kamar yadda muka buɗe ido muka ga dambe bayan girbi.

To, batun guntun daƙiƙar. Akwai gwaji ɗaya da ya fi kowanne suna a wasan nan, shi ne gudun yadi 40, wajen mita 36 da rabi. Yaro zai durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya fita da iya ƙarfinsa. Wanda ya yi daƙiƙa 4.4 sai kociyoyi su fara raɗa da juna suna rubutu. Wanda ya yi 4.7 sau da yawa ko sunansa ba a tambaya. Ɗanka ya yi 4.65. A makarantarsu, da agogon hannu, kocinsu ya taɓa auna masa ƙasa da haka, ya tafi yana ganin ya kai. A wurin gwajin da na'ura aka auna, ita kuwa ba ta jinkirin danna yatsa kamar mutum, sai adadin ya ƙaru. Ba gudunsa ne ya ragu ba, ma'aunin ne ya canza, amma ka je ka faɗa wa ɗan shekara 17 haka a ranar.

Kada ka ga kamar tsakanin 4.4 da 4.65 ba komai. A cikin wannan ɗan ƙiftawar ido mai gudun farko ya ba na biyu ratar sama da yadi biyu, kuma a wasan nan yadi ɗaya ya isa a jefa ƙwallo ta wuce kan mai tsaro. Ba zan yi maka ƙarya ba, gudu yana da tasiri, kuma a jami'a ya fi tasiri a kan wurin ƙwararru. Dalili shi ne jami'o'in da ke babban rukuni sun haura 130, ba a kuma raba musu gwanaye daidai wa daida ba. Wata Asabar za ka ga yaron da zai shiga NFL, babbar gasar ƙwararru, baɗi, mai tsaronsa kuwa yaro ne da zai gama ya tafi aikin banki. A irin wannan karawa ba a bukatar dabara, a ce masa ruga kawai. Ko ba a jefa masa ba ma ya yi aiki, don tsoronsa yana sa masu tsaro biyu su ja da baya, tsakiyar fili ta buɗe wa 'yan'uwansa.

Amma akwai labarin da na zauna na ba shi a daren nan, bayan uwarsa ta lallashe shi ya buɗe ƙofa. A shekarar 2017, a gwajin da ake yi wa masu shirin shiga NFL a Indiyanafolis, wani yaro daga Jami'ar Washinton, John Ross, ya yi 4.22. Ba a taɓa yin irinsa a gwajin ba, kuma sai a 2024 Xavier Worthy na Jami'ar Tekzas ya karya shi da 4.21. Ross ba ƙaramin ɗan wasa ba ne a jami'a, a kakarsa ta ƙarshe ya cafe ƙwallo 81, ya ci sau 17 ta hanyar cafewa. Ƙungiyar Bengals ta Sinsinati, nan kusa da mu, ta ɗauke shi na tara a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar. A shekararsa ta farko ko ƙwallo ɗaya bai cafe ba. Rauni ya yi ta binsa, kuma a can kowa yana da gudu, ratar da ya saba samu a jami'a ta tsuke.

A wannan gwaji na 2017 ɗin dai akwai wani, Cooper Kupp, daga ƙaramar jami'ar Eastern Washington, wadda ba ta ma cikin babban rukuni. Ya yi 4.62. Sai a zagaye na uku na zaɓen ƙungiyar Rams ta ɗauke shi. A kakar 2021 shi ne na ɗaya a NFL wajen yawan cafewa, 145, da yawan yadi, 1,947, da yawan ci, 16, sannan aka zaɓe shi gwarzon wasan ƙarshe na Super Bowl. Na ce wa yaron ya dubi adadin Kupp ya dubi nasa.

Ka tuna farautar da muke bin su Kawu bayan an kwashe amfanin gona? A miƙe, kare ba ya jin tsoron zomo. Abin da ke kuɓutar da zomo shi ne ya bari kare ya saki jiki da gudu, sai ya yi kwana farat ɗaya, kare ya zarce yana turɓaya. Wallahi duk lokacin da na ga risiba gwani, wannan nake tunawa. Mai tsaro bai san inda yaro zai nufa ba, shi kuwa yaron ya sani. Zai fito kamar zai wuce can ƙarshen fili, ya sa mai tsaro ya juya ƙugu ya fara gudu, sai ya taka birki a yadi goma sha biyu ya dawo, ƙwallo tana iska tun kafin ya waiwaya. Wannan tsayawar, da saukar da ƙugu, da taku uku da ake karya gudu da su, babu ko ɗaya da gudun yadi 40 yake aunawa. Haka ba ya auna hannu, ba ya auna zuciyar wanda zai miƙa hannu ya cafe alhali yana jin takun mai zuwa ya buge shi. Kuma a gajeren wando ake gwajin, a miƙe, babu hular kwano, babu mai ture ka a bakin layi. A wasa na gaske da wuya yaro ya samu yadi 40 a miƙe babu kowa a gabansa.

A nan garin mun gani da idonmu. Garrett Wilson da Chris Olave, risibobin Jami'ar Jihar Ohayo, masu gudu ne na gaske, duk sun yi ƙasa da 4.4, an ɗauke su na goma da na sha ɗaya a zaɓen NFL na 2022. Amma ranar 1 ga Janairun shekarar, a babban wasan Rose Bowl da Jami'ar Yuta, su biyun ba su buga ba, sai Jaxon Smith-Njigba ya cafe ƙwallo 15, ya yi yadi 347. Ba a san shi da dogon gudu irin nasu ba, an san shi da kwana da sanin inda rami yake a tsakanin masu tsaro. Emeka Egbuka ma, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya bar jami'ar yana riƙe da tarihin yawan cafewa, 205, kuma abin da ake yaba masa shi ne amana, inda aka ce ya tsaya nan za a same shi. Abin da na fahimta a shekarun da na yi ina kallo shi ne akwai iyaka. Wanda ya gaza ta, manyan jami'o'i ba za su dube shi ba ko ya iya komai. Wanda ya haye ta kuwa, sauran rabon yana ga ƙafa da hannu da kai. Ɗanka yana daidai bakin iyakar nan, shi ya sa abin ya yi masa zafi.

Yanzu ga abin da ka fi damuwa da shi, wato mu iyaye me ya kai mu. Kuɗin jami'a ne, Yaya. A ƙasar nan yaro yana iya gama digiri da bashin da zai kai shekara ashirin yana biya, bashi mai ruwa kuma, abin da muke gudu. Jami'ar da ta ɗauki yaro don wasa tana iya ɗauke masa kuɗin karatu da ɗaki da abinci. Ba sai babbar ba. A jihar nan kaɗai akwai Toledo, da Bowling Green, da Akron, da Kent State, ga kuma ƙananan da ke biyan wani kaso. Mu a zaurenmu babu mai hankalin da ke lissafi da NFL, don cikin 'yan wasan jami'a ɗari, waɗanda ake ɗauka ba su kai biyu ba. Digiri ba bashi muke nema. Jami'a kuma ba ta karɓar yaro in sakamakon jarrabawarsa bai kai ba, don haka wasan bai raba shi da littafi ba. Sau da yawa ma shi ke zaunar da shi.

Mu Hausawan garin nan ba mu da yawa, kuma a haɗe muke, na Kano da Zariya, da na Maraɗi da Damagaram, da 'yan'uwanmu na zangon Kumasi. Da farko kowa shi kaɗai yake laluben hanya, wasu har suka zuba kuɗi ga masu cewa za su rage wa yaro daƙiƙa cikin mako shida. Ni ma na biya wani irin wannan kuɗi mai yawa, ban ga amfaninsa ba. Yanzu mun yi wa kanmu tsari. Muna da ɗan adashi da ake fitar da kuɗin wuraren gwaji na bazara da man mota, uba ɗaya ya kwashi yara uku ko huɗu ya kai su. Da bazara muna tura su tseren makaranta, mita 100 da 200, don a nan ake koyon tashi da gudu daidai, kuma kociyoyin jami'a suna yarda da adadin tsere tunda a hukumance ake rubuta shi. In azumi ya faɗo cikin lokacin atisaye, uba da kansa yake zuwa ya sami koci ya yi masa bayani, yawancinsu kuma suna saurara. Daren Juma'a, bayan an sauko masallaci an huta, za ka gan mu a jere a kan benci, iyaye mata da mayafansu da fulas na shayi, Magariba kuma a gefen mota muke shimfiɗa darduma. Sharaɗinmu ga yaran ɗaya ne a kowane gida, wanda ya yi sakaci da sallah ko makinsa ya faɗi, a ajiye hular kwano.

Batun karo da ka kawo kuwa, ba ni da abin da zan kare shi da shi. Buguwar kai gaskiya ce, likitoci sun tabbatar tana iya barin illa a ƙwaƙwalwa bayan shekaru. Akwai gidaje a cikinmu da suka hana 'ya'yansu gaba ɗaya, suka mayar da su ƙwallon kwando ko irin tamu ta gida, kuma ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Uwarsa ba ta iya kallon lokacin da ƙwallo take iska, sai ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Mun yi yarjejeniya mu uku, kuma na sa ya maimaita da bakinsa: duk ranar da likita ya ce kansa ya bugu karo na biyu, wasa ya ƙare, ko wace jami'a ce take nemansa. Sau ɗaya ya taɓa faruwa, yana aji biyu, ya yi mako uku bai taka fili ba.

Tun daga watan Yuni yake fita da asuba bayan sallah, shi da wani abokinsa mai jefa masa ƙwallo. Ya rage yawan auna kansa da agogo, yanzu kwana yake maimaitawa, sau hamsin, sau sittin, har takalmin ya cinye ta gefe ɗaya. Jami'o'i biyu ƙanana sun nemi a aika musu bidiyon wasanninsa, ba su yi alkawarin komai ba tukuna.

Zan turo maka bidiyon wasan Juma'ar da ta wuce ta WhatsApp. Shi ne na can gefen hagu, mai farar safar hannu. Kada ka bi ƙwallo da ido, ƙafarsa za ka kalla, musamman a minti na biyu inda mai tsaron ya zarce. Ka nuna wa Hajiya, amma ka tsayar kafin ƙarshe, akwai inda aka kayar da shi kuma ba na son ta gani. Ka ce mata yana neman addu'arta. A gaida yara duka.

Ƙaninka.