Owens ko Bolt? Fara tambayar wa ya danna agogon

Yaro, na ga saƙonka. Ka ce kun yi gardama da abokanka a kan Jesse Owens da Usain Bolt, kai kuma ka kashe bakinsu da lissafi: Owens ya ci zinaren mita 100 a Balin a 1936 da sakan 10.3, Bolt ya yi 9.58 a wannan filin dai a 2009, saboda haka Owens ko ƙurar 'yan tseren yau ba zai gani ba. Kana so in ce ka yi daidai, in kuma nuna maka yadda ake gwada ɗan wasan wani zamani da na wani.

Ba ka yi daidai ba. Da wani ɗan kallo ne ya faɗi haka, da ko kallo bai ishe ni ba. Amma kai da kake tsaye kusa da ni a bakin layi, agogo rataye a wuyanka, ka ɗauki lamba biyu ka jera kamar abu guda aka auna? Abin da ke damuna da ku yaran yanzu ke nan. Kun haddace lambobi daga waya, ba wanda ya taɓa tambayar inda lambar ta fito.

Ba zan tsaya koya maka yadda ake danna agogo ba, wannan ko ɗan da ya zo fili jiya ya sani. Abin da ba ka sani ba shi ne ɗan yatsan mutum yana makara wajen tashi, yana kuma gaggawa wajen tsayawa. Sai ka ga hayaƙin bindiga kafin ka danna, ɗan tsere ya riga ya ɗaga. A ƙarshe kuma zumuɗi ya sa ka danna tun ƙirjinsa bai kai layi ba. Shi ya sa ake ƙara 0.24 a kan lokacin hannu a mita 100 da 200, a ƙara 0.14 a mita 400, kafin a ajiye shi kusa da na lantarki. Armin Hary na Jamus ya yi 10.0 a Zurik a 1960, duniya ta ɗauka. Na'urar lantarki da ke wurin a ranar 10.25 ta nuna. Daga 1977 hukumar guje-guje ta duniya ta daina karɓar tarihin gajeren gudu sai na lantarki. Don haka in ka ga lamba ɗaya bayan ɗigo, hannu ne. In ka ga biyu, na'ura ce.

Wannan ɗigon shi ya raba ni da yaron da ya fi kowa baiwa a cikin duk waɗanda na horar, kuma har gobe in na tuna zuciyata tafasa take.

A lokacin sunana ya kai inda wata makaranta a ƙasar waje take karɓar wasiƙata ba tare da ja ba. Suka ba ni gurbi ɗaya na ɗan ƙasa da shekara 20, da karatu da horo kyauta. Ina da wanda zan ba. Tun yana ƙarami yake hannuna, dogo, marar surutu, ba ya fashin atisaye ko ana ruwa. Yana shekara 17 ya yi 10.7 da 'yan kai a agogon lantarki, iska na dukansa a fuska. Ni na san abin da ke cikin ƙafar nan. Taku talatin ɗinsa na farko ne kawai ke buƙatar gyara, kuma mun kama hanya.

Sai ga wani dillalin 'yan wasa ya zo mini da babbar mota da yaro a baya. Ya miƙo takardar sakamakon wata gasa, da hatimi da sa hannu: 10.3. Ya miƙo takardar haihuwa: shekara 17. Ni ba baƙon aiki ba ne, nan take na ɗora yatsa a kan ɗigon na ce ina lamba ta biyu? Ya ce mai buga takarda ne ya manta, lantarki ne, shi da kansa yana wurin. Na ce gurbin iska fa, na ga babu komai? Ya ce an auna, ba ta kai ba. Na ce to a sa yaron ya sa takalmi gobe da safe su tashi tare da nawa, gani ya kori ji. Nan ya dafa kafaɗata ya ce cinyar yaron ta ɗan ja a atisaye, likita ya ce ya huta mako biyu, ga shi kwanan rufe karɓar suna ya matso. Ya rantse mini. Dattijo da furfura a gemu ya dubi idona ya rantse. Ya ce in na hana yaro marar gata wannan dama saboda son nawa, Allah zai tambaye ni.

Wannan maganar ce ta ɗaure ni. Ban so a ce na fifita ɗan gida a kan wanda ya fi shi da kusan rabin sakan, domin a mita 100 rabin sakan tazarar mita huɗu ce ko fiye. Na sa hannu. Na kira yarona na gaya masa. Bai ce komai ba. Ya tsuguna yana kwance igiyar takalminsa a hankali, ya buga su ƙasa ya kakkaɓe, ya sa a jaka, ya ce, "To, Malam." Shi ke nan abin da ya faɗa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Gasar farko da wancan ya shiga a can, lantarki ta ba shi kusan sakan 11. Ta biyu ma haka. Ba ciwo, ba komai, iyakar gudunsa ke nan. Da suka bincika sai ga tsohon fasfo da wata shekarar haihuwa daban: ya haura 22. Ni kuma da na bi sawun gasar da aka ce ya yi 10.3, na tarar mutum ɗaya ne ya riƙe agogo, ba na'urar iska ko ɗaya a filin, kuma waɗanda suka halarta sun ce ranar iska har tantin alƙalai ta kayar, daga bayan 'yan tsere take busowa. Makarantar ta rubuto mini cikin ladabi cewa ba za su sake buƙatar wasiƙata ba. Dillalin ya riga ya karɓi kuɗi daga dangin yaron, ko kuɗin horon da ya yi mini alkawari bai biya ba, ya daina ɗaga waya. Nawa yaron kuwa ya ƙara zuwa na ɗan lokaci, jikinsa na fili hankalinsa ba ya nan, daga baya ya kama wata sana'a. Shi wancan yaron ban riƙe shi ba, sa shi aka yi. Dillalin ne ban yafe wa ba.

To ka ji abin da lamba tsirara take yi. Yanzu koma kan Owens.

Shi ma 10.3 ɗinsa ta hannu ce, wato tazararsa da Bolt a takarda ta ma fi yadda ka lissafa. Amma a kan me ya gudu? Burbushin gawayi da toka da aka daddaɓe, ƙafa na nutsewa, kowane taku yana cin ƙarfi. Babu matokarin tashi. Da ɗan cokalin magina suke haƙa ramuka biyu su sa ƙafa. Sai a Landan a 1948 aka fara amfani da matokari a Olamfik, filin roba kuwa sai Meziko a 1968. Bolt ya tashi daga ƙarfe, ya taka roba mai mayar masa da ƙarfinsa, da iska mai gudun mita 0.9 a sakan a bayansa, da likitoci da masu tausa, kuma gudu ne sana'arsa. Owens ɗalibi ne da doka ta hana ya karɓi ko kwabo. Su biyun suna da shekara 22 a ranar da suka girgiza Balin. Bolt ya ci gaba har 2017. Owens kuwa jim kaɗan bayan gasar hukumar ƙasarsa ta dakatar da shi, har ya koma tsere da dawakai don ya ci abinci. Ba wanda ya ga ƙarshen gudunsa.

Ni ga yadda nake auna mutum: wa ya kayar, da wace tazara, kuma shekara nawa abin da ya yi ya tsaya. Ran 25 ga Mayu 1935, a jihar Mishigan, cikin minti 45 Owens ya kafa tarihin duniya uku ya yi kunnen doki da na huɗu. Dogon tsalle sau ɗaya tak ya yi ranar, mita 8.13, ya zauna shekara 25 kafin Ralph Boston ya wuce shi a 1960. Kuma ka saurara: da wannan 8.13 ɗin a Olamfik ɗin Landan na 2012 tagulla zai ci, domin wanda ya zo na uku 8.12 ya yi. Wannan shi ne mutumin da ka ce ba zai ga ƙura ba. Bolt shi ma ya cika wannan ma'auni: ya zaftare 0.11 daga tarihin kansa a gudu ɗaya, Tyson Gay ya yi 9.71 amma yana kallon bayansa, ya kuma haɗa zinaren 100 da 200 a Olamfik uku a jere. A gudu zalla Bolt nake ba wa. In kuwa aka jera mini su biyu suna yara aka ce in ɗauki ɗaya in horar, Owens zan kama wa hannu, don wanda ya iya gudu da tsalle da shinge duka ya fi ƙarancin samu.

Ko a zamani ɗaya ma lamba tana ruɗi. Birnin Meziko yana sama da mita 2,200 daga teku, iska ba kauri, ɗan gajeren gudu da mai tsalle sai su ji kamar an cire musu kaya, masu dogon zango kuwa su yi ta haki. A can a 1968 Jim Hines ya yi 9.95 a mita 100, Bob Beamon ya yi mita 8.90 a dogon tsalle, ya ƙara santimita 55 a kan tarihin duniya, da iska 2.0 cif, iyakar abin da doka ta yarda. Ban rage masa komai ba, don sauran ma a tudun nan suka yi tsalle ba wanda ya matso shi, kuma sai 1991 Mike Powell ya yi 8.95 a Tokiyo. Daren nan Carl Lewis ya yi 8.91, ya wuce Beamon, amma iska ta haura 2.0, ba a rubuta masa ba. Haka Tobi Amusan ta Najeriya a gudun shinge na mita 100 a Amurka a 2022: 12.12 a zagayen kusa da ƙarshe ita ce tarihin duniya, 12.06 da ta ci zinare da ita ba ta shiga littafi ba saboda iska 2.5. Wanda bai san aiki ba zai ce 12.06 ta fi.

Kayan aiki ma suna canzawa. Uwe Hohn ya jefa mashi mita 104.80 a 1984, har aka ji tsoron zai faɗa cikin mutane, a 1986 aka matsar da nauyin mashin gaba aka buɗe sabon littafi. Don haka 98.48 na Jan Zelezny da wani mashi ne daban. A tsallen sanda, Cornelius Warmerdam ya haye mita 4.77 da gora a 1942, ya faɗo kan tarin yashi da dusar katako. Sergey Bubka ya haye mita 6 a 1985 da sanda mai lanƙwasa da katifa a ƙasa. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun famfalaki a Rum a 1960 ba takalmi, na yanzu kuwa da faranti a cikin tafin takalminsu, har hukuma ta sa doka a kan kaurinsa a 2020. Wasu tarihohin na shekarun 1980 kuma, kafin a fara bin 'yan wasa gida ana gwajin ƙwaya, ni ba na auna kowa da su. Ben Johnson an kama shi da 9.79 ɗinsa a Seoul a 1988. Ba kowa aka kama ba.

Kada ka zo mini da teburin maki na hukumar duniya. Yana da amfani in kana son sanin ko mai jifa ya fi mai gudu daraja a kakar bana, amma bai san toka ba, bai san gora ba.

Inda za a cuce ka a wannan aiki ba wajen Owens ba ne, wajen yara ne. Dalmar jifa ta manyan maza kilo 7.26 ce, ta 'yan ƙasa da 20 kilo 6, ta 'yan ƙasa da 18 kilo 5. Shingen mita 110 na manya santimita 106.7 ne, na ƙasa da 20 kimanin 99, na ƙasa da 18 kimanin 91. Uba zai zo maka da murna ya ce ɗansa ya kusa kamo zakaran ƙasa, alhali da ƙaramar dalma ya jefa. Yaron da jikinsa ya buɗe da wuri yakan tattake sa'o'insa a shekara 15, su zo su wuce shi a 20. Kuma wanda ya yi gudunsa mafi kyau shi kaɗai a ƙaramar gasa, ba wanda ke numfashi a kafaɗarsa, ba ɗaya yake da wanda ya yi zagaye uku cikin kwana biyu ya zo ya ci na ƙarshe ba.

Littafin sakamakon da na ba ka ajiya na duba shi, rabin shafukan lokaci ne kawai da suna. Ka sake shi daga farko. Kowane layi ina son in ga hannu ne ko lantarki, iska nawa kuma daga ina, wane fili, nauyin abin jifa ko tsayin shinge, shekarar haihuwa da ka gani da idonka a takarda fiye da ɗaya, da sunan wanda ya zo na biyu. Wanda ba ka samu ba ka bar gurbin ka ja masa jan layi, kuma kada ka sa hannunka a ƙarƙashinsa ko wa ya roƙe ka.